Irin Maiwar Malam Tayyib

Ranar Talata, ashirin da biyu ga watan Afirilu na shekarar 2025, da ƙarfe tara da kwata na safe, Hafizu mai bulo ya yi sallama a ƙofar gidan Malam Tayyib Maigandi, tsohon hedimastan firamaren Kwanar Bagaruwa. Daga wannan sallama aka fara zaluntar Malam. Akwai masu cewa ranar Laraba ce. Ba Laraba ba ce. Laraba Malam ya je Batsari a duba masa hawan jini, kuma a lokacin jinin lafiya lau yake.

Kwanar Bagaruwa ƙauye ne a ƙasar Batsari, inda hanyar da ta taso daga Wagini ke rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe, ɗaya ta karkata wajen Safana. A mararrabar akwai fili, da mai shayi, da mai faci, da kasuwar da ke ci ran Lahadi. Shekara da shekaru mutane na ratsa filin nan, ba wanda ya taɓa cewa an rage shi da wani abu, sai da Hafizu ya je biki Kaduna ya kwana uku. Ya dawo da labarin cewa duk garin da ya amsa sunan gari yana da shataletale, a tsakiyar shataletalen kuma da abin kallo. Tun daga ranar ya hana a ce masa mai bulo, sai Injiniya.

Ya kai maganar gaban ƙungiyar ci gaban gari, wadda Alhaji Sule mai taki ke shugabanta. Da fari ya ce bijimin sa zai gina, mai tozo, yana kallon gabas. Liman ya ce siffar abu mai rai ba za ta tsaya a hanyar masallaci ba.

"To in na yi shi ba kai fa, Allah gafarta Malam?"

"Sai baƙi su ɗauka mahauta ce."

Ya ce zabuwa, aka ce tana da rai. Ya ce kunkuru, tunda shi ko motsi bai cika yi ba, aka ce shi ma. Daga ƙarshe aka tsaya a kan damin maiwa, abin da garin ke noma, ba shi da ido, ba ya numfashi. Wani ɗan gari da ke kasuwanci a Kaduna ya aiko da siminti da rodi, aka ce idan ya zo Babbar Sallah shi zai buɗe. Wannan ne ya kawo Hafizu zauren Malam.

Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi mahaifiyarsa, aka tambayi zafi aka ce lokacinsa ne. Sannan Hafizu ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Malam ya sa tabarau ya duba.

"Tsintsiya ce?"

"Damin maiwa ne, Malam. A kife ka riƙe."

Malam ya juya takardar. "Yanzu ta zama tsintsiyar da aka jingine."

"Shi ya sa na zo. Masu wannan aiki a Kaduna ba su yi da ka. Abin suke ajiyewa gabansu su yi ta dubansa har halitta ta koya masu. Kuma daga nan har Safana, ba zangarniyar da ta cancanci a gina ta sai taka."

Wannan kam gaskiya ce, kuma ita ce ta ƙarshe da aka ji daga bakinsa a cikin wannan magana. Maiwar Malam gado ce daga mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin. Zangarniyarta ta fi kamu tsawo, ƙwayarta fara ce tas. Kowace kaka Malam da kansa yake shiga gona ya zaɓi zangarniya arba'in mafi kyau, ya ɗaure su da igiyar rama, ya rataye a saman madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Wannan ɗan dami shi ne iri. Shekarar da ɓarayin daji suka tashi garin aka koma Batsari wata huɗu, Malam ya bar rediyonsa da takardun yabo na ma'aikatar ilimi, ya fita da damin nan a ka. Bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ba. Mutane na kiran wannan rowa. Ba rowa ba ce, gudun a gauraya ne. Maiwar ci kuwa ta ƙare a rumbu tun cikin azumi, saboda haka duk duniya ba sauran wannan iri sai abin da ke rataye a madafar Hansai.

Hansai, matar Malam, tana jin su daga bayan ƙyaure.

"Malam, ka ba shi zangarniya biyu ya je ya duba."

"Inna, dami zan gina," in ji Hafizu. "Mai zana garke ai ba ya kallon akuya ɗaya."

Masu cewa da ma Malam ya bi shawarar matarsa, su sani cewa aikin gari aka ce, kuma Malam ya shekara talatin da biyar yana koya wa 'ya'yan mutane kishin gari. Ya sauke damin, ya kafa sharaɗi huɗu: kwana uku kacal, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jiƙe, kada kaza ta gan shi.

"Ko ƙuda sai ya nemi izni, Malam."

Ran Juma'a kwana uku suka cika. Malam ya je wurin bulo, Hafizu ya ce yana cikin nazari, ya gama da zangarniya tara, saura talatin da ɗaya.

Kafin nan ya riga ya zagaye tsakiyar filin da bulo layi ɗaya, ya shafa farin fenti, ya tsaya da sanda yana koya wa gari yadda ake bin shataletale. Wani ɗan kabu-kabu ya taho da fasinja, Hafizu ya tare shi.

"Zagaya."

"Injiniya, wurin mai faci za ni, ga shi nan ina ganin haƙoransa."

"Zagaya ta dama."

"In zagaya in ɓullo ina?"

"Nan."

Jakuna ba su shiga gardamar ba. Suna zuwa sai su ɗaga ƙafa su tsallake bulon, su bi hanyar da iyayensu suka bi.

A tsakiyar da'irar ya ta da ginshiƙi na bulo, tsayin mutum da rabi, ya ɗora rabin duro a sama inda damin zai zauna. Mai shayi ya tambaye shi ko tushen bai yi kusa ba, don bai ga an haƙa fiye da taƙi ɗaya ba. Hafizu ya ce shi bai taɓa zuwa ya gaya masa yawan sukarin da zai sa a shayi ba.

Gwajin farko, ya zuba siminti a cikin bututun roba, ya bushe, ya tsaga robar, ya fitar da sanduna arba'in ya kafa a cikin duron. Gari ya taru. Kande mai awaki, tsohuwar da ƙofar gidanta ke kallon mararrabar, ta daɗe tana duba da hannu a goshi.

"Ɗan nan, taɓaren sun yi kyau. Yaushe za a kawo turmin?"

"Baba, maiwa ce."

"Au, an riga an daka?"

Kwana biyu aka yi ana kiran wurin Kwanar Taɓarya. A na uku ɗaya ta karye ta faɗo dab da teburin mai shayi, Hafizu ya kwashe sauran, ya ce dama gwaji ne, manyan injiniyoyi sai sun ɓata bakwai.

Gwaji na biyu da ƙarfe ya yi. Ya kai rodin Batsari wurin masu walda, aka manna wa kowanne murafun kwalaben lemo daga sama har ƙasa, wai su ne ƙwayoyin. Aka kafa. Washegari da hantsi sai ga mutane tun daga Darini sun cika da'irar, kowa ya ɗaga waya sama, an ba su labarin an kawo wa Kwanar Bagaruwa ƙarfen sabis. Wani dattijo ya rantse wayarsa ta kawo sanda biyu. Hafizu ya yi ta bayani cewa maiwa ce, wani ya ce in maiwa ce to ya matsa ya ba shi wuri, kira yake jira daga Legas. Da la'asar, da hadari ya taso ta gabas ya yi walƙiya ɗaya, liman ya aiko a ce wa Injiniya ya sauke ƙarafan nan kafin ya jawo wa gari abin da ba a shirya ba.

Duk wannan lokaci Malam yana zuwa kowace Juma'a. Nazari ya kai zangarniya ashirin, ya kai talatin da biyar, wata Juma'ar ya koma talatin, wai an sake duba wasu.

Ran Laraba ashirin da takwas ga watan Mayu gari ya ga ginshiƙin a lulluɓe tun daga sama har ƙasa da buhunan taki da aka ɗinke wuri ɗaya, an ɗaure da igiya. An jingina wani dogon katako mai faɗi daga ƙasa zuwa bakin duron. Hafizu ya ce aiki ya ƙare, ba mai gani sai ranar buɗewa, shi kansa ba zai leƙa ba don fenti ba ya son ido. Safe da yamma yakan hau katakon da bokiti, ya kwance baki kaɗan, ya tuttula ruwa ciki, ya ɗaure. Ba wanda ya yi mamaki. Duk mai bulo yana ba bulonsa ruwa.

Washegari Alhamis bayan azahar ruwan shuka ya sauka, mai yawa, har kwari ya kawo. Juma'a da sassafe gari kaf ya fita da sungumi. Malam ya tarar da Hafizu a kan katako.

"Sauko."

Ya sauko.

"Ruwa ya sauka. Gonata a share take. Ina irina?"

"Yana ɗakin Innata, Malam, a rataye, yadda ka ce."

"Mu je."

"Ta kulle ta tafi Darini suna da makullin."

Malam ya koma gida ya sa takalmin roba, ya hau kabu-kabu, mutum mai shekara saba'in da ɗaya, a kan hanyar da ruwa ya mayar taɓo. Sau biyu suna sauka su tura. A Darini ya sami mahaifiyar Hafizu a gidan sunan, aka gaisa, aka yi barka, sannan ya nemi makulli.

"Wane makulli, Malam? Ɗakina ko ƙyaure babu, asabari ne."

Kafin ya dawo Hafizu ya tafi Batsari sayen zaren da za a yanka ranar buɗewa. Daga ranar sai ya zama ba a ganinsa sai a kan katako, kuma da ya hango farar hular Malam sai ya sauka ta ɗaya gefen. Malam ya kai ƙara wurin Alhaji Sule. Alhaji Sule ya ce a yi haƙuri har a buɗe, kada a tayar da hankalin yaro yana tsakiyar aikin gari. Yaron nan shekararsa talatin da takwas, da mata biyu.

Gonakin maƙwabta suka fito, layi-layi. Ta Malam tana nan ja, sai ciyawa. Kullum da yamma yakan je ya tsaya a bakinta, ya dawo. Zaton da ya yi mafi muni shi ne Hafizu ya sayar da irin, ko an yi fura da shi. Hansai ta ce ita abin da ya dame ta awakin Kande ne. Mai gari bai yi shelar ɗaure dabbobi ba tukuna, ya ce sai bayan Sallah, amma awakin nan tara sun daina zuwa kiwo. Tun safe suke kwanciya a cikin da'irar, sun zuba wa lulluɓin ido, kamar masu jiran a fito da amarya. Malam ya ce akuya ba hujja ba ce.

Ran Lahadi takwas ga watan Yuni, kwana biyu bayan Sallah, kasuwa ta cika, 'yan gari na nesa duk sun zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika a jikin bagaruwa, aka ajiye teburin lemo da naman Sallah a gefen ginshiƙin don manyan baƙi. Malam ya zo cikin farar riga, ya zauna a layin gaba, ba don biki ba, don a nan ne kaɗai Hafizu ba zai iya sauka ta ɗaya gefen ba.

Liman ya yi addu'a. Alhaji Sule ya yi godiya. Aka miƙa wa Hafizu abin magana, ya sha shadda sabuwa, ya sa hular kwano irin ta masu aikin titi.

"Jama'a, abin da za ku gani yau babu irinsa a Batsari, babu a Safana, na Kaduna ma sai sun zo sun koya. Na gwada siminti, na ga kayan baƙi ne. Na gwada ƙarfe, ya raina ni na raina shi. Sai na koma ga halitta. Jar ƙasa na ɗebo daga bakin kwari, na cuɗa da kashin shanu mai kyau, irin yaɓen rumbun kakanninmu. Siminti ruwa-ruwa kawai na shafa a baya, na bi da fenti. Na naɗe da buhun ashasha, na ba shi ruwa safe da yamma kwana goma sha ɗaya ban tsallake ko ɗaya ba."

A bayan rumfa wasu manoma suka dubi juna.

Babban baƙo, ɗan kasuwar nan na Kaduna, ya yanka zare, aka ba shi igiya ya ja. Lulluɓin ya zame ya faɗo. Buhunan ashashan da ke ciki ba su faɗo ba, don wani abu ya riƙe su. Ta kowace ƙofar saƙa ganye ne ya ɓullo, siriri, tsawon ɗan yatsa, dubu bisa dubu, kore a sama fari a ƙasa. Abin da ke kan ginshiƙin ya yi kama da kan mutumin da ya shekara bai ga wanzami ba. Wani wari mai tsami-tsami ya gauraye rumfar. Inda buhu ya yage ana ganin laka ta tsattsage, fenti ruwan ɗorawa ya ɓare, saiwa ta fito ta rataye.

Ba wanda ya tafa. Babban baƙo yana riƙe da igiya bai san inda zai ajiye ta ba.

Malam ya miƙe, ya matsa gindin ginshiƙin, ya sa tabarau. A bakin duron ya ga igiyar rama, ya ga ƙullin da ya yi da hannunsa.

"Hafizu."

"Na'am, Malam."

Abin maganar yana hannun Hafizu bai kashe ba, saboda haka har masu sayar da tumaki a ƙarshen kasuwa sun ji abin da ya biyo baya.

"Me ke cikin lakar nan?"

"Ƙashin aikin ne. Kowane gini sai da abin da zai riƙe shi daga ciki."

"Irina ne?"

"Malam, duk duniya ba mai fitar da siffar zangarniya kamar zangarniya."

"Ka sa iri a ƙasa."

"Yaɓe na yi mashi."

"Da taki."

"Don ya yi ƙarfi."

"Ka ba shi ruwa safe da yamma."

"Ƙa'idar aiki ce."

Malam ya juya ya fuskanci jama'a yadda ya saba fuskantar aji.

"Iri, ƙasa, taki, ruwa. Me ake kiran wannan?"

Mutum ya fi ɗari uku a wurin, fiye da rabinsu ta hannunsa suka bi. Suka amsa baki ɗaya, har da jan murya: "Shuka, Malam."

Kande ta matso da sandarta ta shinshina.

"Haka kakata ke yi wa dawa in za ta dafa giya, da jiƙaƙƙen buhu. Sai dai ita ba ta gayyatar liman."

"A aji huɗu," in ji Malam yana duban Hafizu, "na ce kowa ya shuka wake a gwangwani. Ku arba'in da biyu ne. Naka kaɗai bai fito ba."

"To ga shi na rama, Malam."

Da ya ji an yi dariya sai ya ɗauka tasa ce ta karɓu. Ya gyara hular kwano ya kai abin magana baki.

"Jama'a, da gangan na yi. Wannan shi ne sabon salo. Na sauran garuruwa matattu ne, tamu alama ce mai rai."

"Mai rai ka ce?" in ji liman.

"Ba can-can ba, Allah gafarta Malam. Kaɗan."

Ana cikin wannan, babbar akuyar Kande, wata ja mai karyayyen ƙaho, ta ga cewa abin da ta kwana goma tana jira ya bayyana. Ba ta yi gudu ba. Ta taka katakon nan da aka bari don babban baƙo ya hau ya duba, ta haye a natse, ta dafa bakin duron ta fara ci. Sauran takwas suka bi sahu. Hafizu ya jefar da abin magana ya hau bayansu yana kora, katakon ya ɗauki akuya tara da injiniya ɗaya, duk nauyin ya koma kan ginshiƙin.

Tushen da aka haƙa taƙi ɗaya ya sha ruwan bokiti sau ashirin da biyu, ya sha ruwan sama sau uku. Ginshiƙin ya karkata a hankali, kamar mai neman wurin zama, har sai da manyan baƙi suka sami lokacin tattara rigunansu. Sannan ya kwanta a kan teburin lemo da nama. Duron ya gangara ya tsallake farin bulo ya bi hanyar Safana, bai zagaya ba. Awaki suka dira lafiya. Hafizu ya dira a cikin lakarsa, hular kwano ta yi nata wuri.

Mai shayi ya zo ya leƙa ramin tushen, ya auna da hannu, ya koma wurin shayinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da Malam ba zai yafe a ɓoye ba. Kasuwa tana dariya, masu waya suna ɗauka, shi kuwa tsohon hedimasta, da farar rigar Sallah, ya durƙusa cikin taɓo da kashin shanu da fasassun kwalabe, yana ture kan akuya da gwiwar hannu, yana tsintar tsiron da saiwarsa ba ta tsinke ba yana sa wa a hula. Kaji suka shigo. Wani jaki ya zo ya ɗauke zangarniya guda ɗungurungum ya tafi da ita. Hansai ta kutso da tsintsiya tana dukan duk abin da ke da ƙafa huɗu, sau ɗaya ta sami Hafizu, wanda a lokacin da huɗun yake tafiya. Da ƙura ta lafa, abin da ke cikin hular Malam tsiro ashirin da uku ne, daga zangarniya arba'in.

A ranar ya dasa su a bayan gida, ya kewaye da ƙaya, ya yi masu inuwa da zana. Tara suka kama. Gonar gado kuwa wake aka zuba mata a makare. Ko taran nan za su kai kaka su yi zangarniya, Allah kaɗai ya sani. Malam yana zama kusa da su da sanda daga hantsi zuwa la'asar, Hansai ta karɓe shi.

Bayan kwana huɗu Hafizu ya zo, ta ƙofar baya, da mudun gero na kasuwa a leda.

"Malam, in an ga wani kuskure a yi haƙuri."

"Wa ya yi kuskuren?"

"Abin ne ya zo da haka. Amma ka duba, da ban ba shi ruwa ba ai da ba a san irin naka na da kyau haka ba. Ko ɗaya bai ƙi fitowa ba."

"Ɗauki ledarka."

Da yammar ranar aka ji shi a teburin mai shayi yana cewa shi ne mutum na farko a ƙasar Katsina da ya yi noma a sama, kuma an fara kiransa daga Tsaskiya, suna son ya gina masu kabewa. Alhaji Sule ya aiko cewa a bar wa Allah, yaro ya ba da haƙuri. Malam ya mayar da amsa cewa an bar wa Allah abin da ke na Allah, amma haƙurin da aka bayar ta ƙofar baya ya koma ta inda ya shigo.

Malam Tayyib Maigandi ba ya neman gero, ba ya neman a wanke masa riga. A gaban kasuwa aka durƙusar da shi, saboda haka a gaban kasuwa za a ba shi haƙuri. Yana neman Hafizu mai bulo ya zo ran Lahadi da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da kasuwa ta cika, ya hau guntun ginshiƙin da ya rage, ba hular kwano, a kunna lasifika, liman da Alhaji Sule suna zaune. Ya faɗi da bakinsa cewa aro aka ba shi, cewa ya yi ƙarya a kan ɗakin mahaifiyarsa, cewa ya shuka irin mutum a kan ginshiƙi ya kira shi gini, kuma yana roƙon gafarar Malam da Hansai. Layi huɗu ne, Malam ya rubuta masa da manyan baƙaƙe, babu "amma" a ciki. Malam zai tsaya a gefe da tasa takardar yana bi. In ya tsallake kalma ɗaya, zai sake daga farko.